Riga da Amana a Cinikin Nama: Darasi Daga Sabon Ibadan da Jamus

IBADAN — Duk wanda ya ratsa unguwar Sabo da ke Mokola da maraice zai ga masu tsire da balangu a bakin tukuba, mafi yawansu sanye da doguwar riga da hula. Ga mai saye, wannan shiga shaida ce cewa yankan Musulmi ne, aikin kuma na gado ne. Abin tambaya ga 'yan kasuwa shi ne, wa ya mallaki wannan shaida, kuma me ke kare ta?

An kafa Sabo a 1916, shekaru kaɗan bayan da layin dogo ya haɗa Ibadan da Kano. Dukiyar unguwar ta ginu a kan abubuwa biyu: shanu daga Arewa, goro daga Kurmi. Da yake ƙudan tsando ba ya barin shanu su daɗe a Kudu, tilas ne bafatake ya sayar da dabbobinsa da sauri, mahautan Yarbawa kuwa galibi ba su da kuɗi a hannu sai sun sayar da naman. Saboda haka kusan dukkan cinikin bashi ne.

A nan ne maigida ya shigo. Shi ke saukar da fatake, dillalansa su nemo masu saye, shi kuma ya tsaya wa bashin. In mahauci ya gaza biya, maigida ne zai cika daga aljihunsa. Abner Cohen, wanda ya yi bincike a Sabo a 1962 da 1963, ya bayyana a littafinsa na 1969 cewa al'adun Hausawa da ɗariƙar Tijjaniyya su ne suka riƙe wannan ciniki da babu takarda a cikinsa. Babbar riga da hula suna cikin abin da baƙo ke gani ya san ya sauka a hannun da zai iya ba amanar garke guda.

A Jamus ma tufafin gargajiya sun shiga cinikin nama, amma ta wata hanya dabam. A yankin Schwarzwald, matan ƙauyuka uku, wato Gutach da Kirnbach da Reichenbach, suna da wata malafa mai tuntaye 14 da ake kira Bollenhut: jajaye ga 'yan mata, baƙaƙe ga matan aure. Kamfanonin da ke busar da nama da hayaƙi a yankin sun kafa ƙungiya a 1989, suka ɗauki hoton malafar ya zama tambarinsu. A 1997 Tarayyar Turai ta yi wa sunan naman rajista, ta yadda wanda ya sarrafa shi a wani yanki ba shi da ikon amfani da sunan. Naman dai na alade ne, ba cimarmu ba, amma dabarar abin dubawa ce.

Bambancin a fili yake. Jamusawa sun mayar da sutura ta zama tambari a jikin kaya, sunan kayan kuma doka ta tsare shi. A Sabo kuwa shaidar tana jikin mutum, ba ta bin kayan zuwa kanti. Da zarar an ƙulle kilishi ko dambun nama a leda an aika Ikko ko ƙasar waje, babu riga babu hula, kowa na iya buga sunan a kan abin da ya ga dama.

Maƙwabtanmu sun riga sun ɗauki mataki, domin hukumar OAPI mai hedkwata a Yawunde ta yi wa kilishin Nijar rajista. A Nijeriya, dokar tambarin kasuwanci ta 1965 ta ba da damar yin rajistar tambarin shaidar inganci. Abin da ya rage shi ne sarakunan pawa da ƙungiyoyin masu nama su amince da ƙa'ida ɗaya ta yanka da tsafta da haɗin yaji, su kuma zaɓi alamar da za ta tsaya a madadin riga da hula.