Kama Da Wane Ba Wane Ba: Tsabar Jabu A Gonakin Ingila

A farkon 2018, jaridun Birtaniya sun ba da labarin wasu abokai biyu da na'urarsu ta gano ƙarfe ta yi ƙara a wata gona a yankin Suffolk na Ingila. Da suka tona, sai ga tsabar kuɗi fiye da 50 masu kama da zinariyar Rumawa. Murna ta koma ciki da aka duba su da kyau: na kwaikwayo ne, waɗanda masu shirya wasan talabijin na BBC mai suna Detectorists suka bari bayan ɗaukar fim. Abin dariyar shi ne, wasan kansa a kan masu wannan sha'awa yake.

A Birtaniya, yawo da na'urar gano ƙarfe abin sha'awa ne ga yara da manya, kuma wani lokaci akan dace. A 2010, wani mutum ya gano tukunya ɗauke da tsabar Rumawa 52,503 kusa da garin Frome. Amma ba duk abin da ya fito daga ƙasa ne tsoho ba. Shagunan gidajen tarihi suna sayar da tsabar kwaikwayo ga baƙi da 'yan makaranta; in ɗaya ta faɗi a fili, ruwa da laka kan ba ta kamar ta shekara dubu.

Yaya ake bambancewa?

Na farko, a nemi alama. Kamfanin Westair na Ingila yana buga haruffan WRL a jikin nasa, a Amurka kuwa dokar 1973 ta wajabta rubuta kalmar COPY. Na biyu, a duba gefe. Rumawa buga kuɗinsu suke yi da guduma, yawancin na kwaikwayo kuwa zubi ne, don haka akan ga siririn layi inda ɓangarori biyu suka haɗu, da 'yan ramuka kamar na soso. Na uku, a ɗora a sikeli. Ku tuna darasin fizis: zinariya ta ninka tagulla nauyi fiye da sau biyu in girmansu ɗaya. Kuma in tsaba mai launin zinariya ta manne wa maganaɗisu, magana ta ƙare.

Jabu ma yana da tarihi

Kada ku ɗauka duk jabu shara ne. Tun zamanin Rumawa akwai 'yan damfara da ke shafa wa tagulla azurfa su kai kasuwa. Irin wannan jabu ya kusa shekara 2,000, kuma yana nuna wa masana yadda kuɗi ke yawo a lokacin.

Haka kuma, wani lokaci abin da aka kira jabu shi ne na gaske. A 1900 an tsinci tsaba a Faransa mai ɗauke da sunan wani sarki Domitianus, wanda ba a san ya yi mulki ba, sai masana da yawa suka ce ƙirƙira ce. A 2003, wani mai na'ura ya gano irinta a Chalgrove, kusa da Oxford, manne cikin tukunya da tsabobi kusan 5,000. Nan aka tabbatar cewa mutumin ya ɗan taɓa sarauta wajen shekarar 271.

Shi ya sa ƙa'idar masu wannan sha'awa ba ta sauyawa: nemi izinin mai gona, rubuta ainihin wurin tsintuwa, kada ka goge ko ka kankare, sannan ka kai wa masani. Tun 1997 akwai shirin rajistar tsintuwar jama'a, wanda yanzu Gidan Tarihi na Birtaniya ke kula da shi. Dokar 1996 kuma ta ce wanda ya samu tsabar zinariya ko azurfa biyu ko fiye wuri ɗaya, masu sama da shekara 300, ya kai rahoto cikin kwana 14. Mai sayar da jabu da sunan na gaske, bayan ya sani, ya shiga laifin damfara.

Ɗalibai, ga aikin ƙarshen mako: ku nemi tsohon kwabo mai huda a wurin kaka ko kakanku, ku karanta shekararsa, ku duba gefensa, ku auna nauyinsa. Daga nan binciken tarihi yake farawa.