Ishaya 53: Wane ne bawan da ya sha wahala?

A ranar Juma'ar da ke gabanin Ista, majami'un Katolika kan karanta sura ta 53 ta littafin Annabi Ishaya. Surar na maganar wani bawan Allah da ya sha azaba saboda laifin wasu.

Kiristoci na ganin annabci ne kan gicciye Yesu Almasihu. Suna kafa hujja da Ayyukan Manzanni sura ta 8, inda Filibus ya yi wa ma'ajin sarauniyar Habasha wannan bayani.

Yawancin malaman Yahudawa kuwa sun bi fassarar Rashi, malaminsu na Faransa da ya rasu a 1105, cewa bawan al'ummar Isra'ila ce. Dalilinsu: a sura ta 41 Ishaya ya kira Isra'ila bawan Allah. Har yanzu suna jiran Almasihu.