Shaiɗan A Koyarwar Addinin Kirista: Asalinsa Da Aikinsa

Da wuya rana ta fito ta faɗi a ƙasar nan ba a ambaci sunan Shaiɗan ba. Ɓarawon da aka kama a kasuwa yakan ce sharrin Shaiɗan ne, ma'aikacin da ya ci amanar ofis shi ma hakan yakan ce a gaban alƙali. Musulmi da Kirista duk sun tarar da sunan a bakin iyayensu, kowa kuma yana neman tsari daga gare shi. Amma idan aka tambayi yawancinmu me Kiristoci suke nufi da wannan suna, daga ina suka ce ya fito, kuma ina iyakar ikonsa, sai a ji shiru. Wannan makon mun ga ya kamata mu bi diddigin maganar, domin sanin abin da maƙwabci ya gaskata yana rage zato, zato kuwa shi ne yakan haifi husuma.

Ma'anar Sunan

Kalmar "satan" ta Ibrananci ce, harshen da aka rubuta mafi yawan Tsohon Alkawari da shi, ma'anarta kuwa abokin gaba ko mai kai ƙara. Tun farko ba sunan yanka ba ne. A Littafin Ƙidaya, mala'ikan da Allah ya aiko ya tare wa Bal'amu hanya da wannan kalma aka siffanta shi, alhali kuwa umarnin Ubangijinsa yake bi.

A Littafin Ayuba ne aka fara ganinsa sosai. Can ya zo cikin taron mala'iku kamar mai gabatar da ƙara a kotu, ya yi da'awar cewa Ayuba yana tsoron Allah ne kawai saboda arzikin da aka ba shi. Aka yarje masa ya taɓa dukiyar Ayuba da 'ya'yansa, daga baya kuma lafiyar jikinsa, amma aka hana shi ransa. Malaman Kirista suna dogara ƙwarai da wannan labari, domin ya nuna cewa Shaiɗan ba ya ɗaga ƙafa sai da izini, kuma akwai iyakar da aka shata masa. A Littafin Zakariya ma an nuna shi yana tsaye yana zargin babban firist Yoshuwa, sai Ubangiji ya tsawata masa.

Da Yahudawan birnin Iskandariya na ƙasar Masar suka fara juya littattafansu zuwa Girkanci, tun wajen ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu, sai suka fassara kalmar da "diabolos", watau mai ƙage ko mai ɓata suna. Daga nan yawancin harsunan Turai suka samo nasu sunan.

Yadda Aka Ce Ya Fāɗi

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, babu wani babi guda a Littafi Mai Tsarki da ya zayyana labarin faɗuwar Shaiɗan daga farko zuwa ƙarshe. Malamai ne suka harhaɗa shi daga wurare daban-daban.

Littafin Farawa ya yi maganar maciji da ya yaudari Hawwa'u a gonar Aidan, amma bai kira shi Shaiɗan ba. Littafin Wahayin Yahaya, na ƙarshe a Sabon Alkawari, shi ne ya ɗaure maganar, ya ce tsohon macijin nan shi ne Iblis, ya kuma ba da labarin yaƙi a sama inda Mika'ilu da mala'ikunsa suka rinjaye shi aka jefo shi ƙasa.

Sai kuma wurare biyu na annabawa. Ishaya, a babi na 14, ya yi wa sarkin Babila habaici, ya kwatanta shi da tauraron asuba da ya so ya ɗaukaka kansa sama da kowa, aka kuwa ƙasƙantar da shi. Ezekiyel, a babi na 28, ya yi makoki a kan sarkin Taya wanda kyansa ya sa shi girman kai. Malaman farko irin su Orijen na Iskandariya, wanda ya rayu a ƙarni na 3, sun ga cewa bayan waɗannan sarakuna akwai wani babban mai girman kai da ake nufi. Da Jerom ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Latin, aikin da ya kammala wajen shekarar 405, ya sa kalmar "lucifer" a wurin tauraron asuba, ma'anarta mai ɗauke da haske. A hankali kalmar ta zama suna, har yau ana kiransa da ita.

Taƙaitaccen bayanin da manyan ɗariƙun Kirista suka tsaya a kai shi ne: Shaiɗan mala'ika ne da Allah ya halitta nagari, ya ba shi 'yancin zaɓi, shi kuwa ya zaɓi tawaye saboda girman kai, wasu mala'iku suka bi shi. A nan ne aka rabu da koyarwar Musulunci, wadda ta ce Iblis daga jinsin aljannu yake, kuma ƙin yi wa Annabi Adamu sujada ne ya jawo masa la'ana. Amma dukkan addinan biyu sun haɗu a kan cewa girman kai ne ya kā da shi.

Gardamar Allah Biyu

Wannan magana ta "an halicce shi nagari" ba a banza aka nace a kanta ba. A ƙarni na 3 wani mutum mai suna Mani ya ɓullo a ƙasar Farisa yana koyar da cewa tun fil'azal akwai iko biyu masu gaba da juna, na haske da na duhu. Agustin, ɗan Arewacin Afirka da aka haifa a shekarar 354 a yankin da yake Aljeriya a yau, ya shafe wajen shekara 9 cikin mabiyan Mani kafin ya bar su, ya zama Kirista, daga baya ya zama bishop na Hippo. Shi ne ya yi bayani cewa mugunta ba halitta ba ce mai zaman kanta, rashin alheri ce a inda ya kamata a same shi, kamar yadda duhu yake rashin haske.

Babban taron majami'a da aka yi a fadar Lateran a birnin Rum a shekarar 1215 ya sake tabbatar da haka a rubuce. Dalili kuwa a fili yake: duk wanda ya ce Shaiɗan ya wanzu da kansa, ya yi wa Allah kishiya ke nan.

Aikinsa A Duniya

Sabon Alkawari ya ba shi ayyuka uku manya: jarraba mutum, yi masa ƙarya, da kai ƙararsa. Linjilar Matiyu da ta Luka sun ce bayan Yesu Almasihu ya yi azumin kwana 40 a jeji, Iblis ya zo masa da jarraba uku: ya mai da duwatsu gurasa, ya diro daga ƙololuwar Haikali don mala'iku su tare shi, ya kuma yi masa sujada a ba shi mulkin duniya. Duka ukun ya ƙi. Masu wa'azi sukan ce a nan aka tona dabarunsa, watau ciki, da son burge mutane, da kwaɗayin mulki.

Hoton nan na baƙin dodo mai ƙaho da wutsiya da kofato, masu zanen Turai na zamanin dā ne suka ƙago shi. Manzo Bulus ya gargaɗi mutanen Koranti cewa yakan yi shigar mala'ikan haske, watau da kyakkyawar fuska yakan zo.

Kiristoci sun gaskata cewa mutuwar Almasihu da tashinsa sun karya ƙarfin Shaiɗan, abin da ya rage masa shi ne hukuncin ƙarshe. Shi ya sa a ɗariƙu da yawa akan tambayi mai karɓar baftisma ko ya rabu da Shaiɗan da dukan ayyukansa. Wasu malaman zamani sun ce sunan alama ce kawai ta muguntar zuciyar ɗan Adam, amma Fafaroma Bulus na shida, a jawabinsa na watan Nuwamba 1972, ya nace cewa rayayye ne mai aiki. Duk da haka ɗariƙar Katolika tana taka-tsantsan: littafinta na fitar da aljannu da aka sabunta a 1999 ya ce sai da izinin bishop, kuma sai an tabbatar ba ciwon taɓin hankali ke damun mutumin ba.

Inda Tsoro Ya Wuce Gona Da Iri

Tarihi ya nuna abin da kan faru idan aka manta da wannan taka-tsantsan. Tsakanin ƙarni na 15 da na 18 an kashe dubban mutane a Turai, yawancinsu mata, bisa zargin sun ƙulla yarjejeniya da Shaiɗan. Mu ma nan ba mu tsira ba. A Jihar Akwa Ibom an yi ta laƙaba wa ƙananan yara maita, ana dukansu ana korarsu daga gida, har gwamnatin jihar ta kafa dokar kare haƙƙin yara a shekarar 2008 wadda ta haramta yi wa yaro irin wannan ƙazafi.

Wanda ya ƙaga wa marayan da ba shi da mai tsaya masa laifi, ya kamata ya tuna cewa sunan Shaiɗan kansa mai ƙage yake nufi. Haka kuma wanda ya saci kuɗin jama'a ya ce sharrin Shaiɗan ne, koyarwar Kirista ba ta wanke shi ba, domin ta ce Shaiɗan yana iya kira, amma ba ya iya tilasta wa kowa amsawa. Wasiƙar Yakubu ta ce sha'awar mutum ce take jansa zuwa zunubi, ta kuma ce wanda ya yi tsayayya da Iblis zai ga ya guje masa. A gonar Aidan ma Hawwa'u ta ɗora laifin a kan maciji, Adamu ya ɗora a kan matarsa, amma da aka zo yanke hukunci kowannensu ya karɓi nasa.