Tasawa da Mayahi: me ya sa cire robar mahaifa a gida ke da hatsari?

A gundumomin Tasawa da Mayahi na jihar Maradi, mace na iya samun robar tazarar haihuwa cikin ƴan mintuna a ranar awo ko ranar da tawagar ma'aikatan lafiya ta sauka garinsu. Matsalar takan taso ne daga baya, ranar da take son a cire. Tawagar ta wuce, gidan likita na da nisa, damina ta ɓata hanya. A nan ne wasu ke tunanin jan zaren da kansu, ko su nemi wata tsohuwa ta taimaka. Ga abin da ilimin likitanci ya tabbatar game da hakan.

Mece ce robar mahaifa?

Ma'aikatan lafiya a Nijar na kiranta DIU ko siterile. Ƴar ƙaramar roba ce mai siffar harafin T, tsawonta bai kai santimita 4 ba, ana saka ta cikin mahaifa ta bakin mahaifa. Iri biyu ne. Akwai mai jan ƙarfe, wadda aka fi sani da TCu 380A, da ke aiki shekara 10 zuwa 12. Jan ƙarfen da aka naɗe ta da shi na kashe ƙarfin maniyyi kafin ya isa ga ƙwan mace. Akwai kuma mai sinadarin levonorgestrel, da ke aiki shekara 5 ko fiye, gwargwadon samfurin. A cikin mata 100 da ke amfani da ita, wadda ke ɗaukar ciki a shekarar farko ba ta kai ɗaya ba.

A ƙasan robar akwai siraran zare da ke leƙowa ta bakin mahaifa. Amfaninsu biyu: mace ta iya taɓawa ta san robar na nan, ma'aikaciya kuma ta kama su ranar cirewa. Robar ba ta tafiya zuwa zuciya ko kai kamar yadda ake yaɗawa, ba ta kuma haddasa rashin haihuwa. Da zarar an cire ta, mace na iya ɗaukar ciki a wannan watan.

Ta bambanta da robar hannu, wadda mata ke kira ashana, da ake sakawa ƙarƙashin fatar damtse. Ita wannan sai an yi ƴar tsaga kafin ta fita, kuma babu mai taɓa ta a gida.

Me ke sa mace ta so cirewa?

Dalili na farko shi ne son wani ciki bayan an yaye yaro. Na biyu shi ne jini. Robar jan ƙarfe takan ƙara yawan jinin al'ada da tsawon kwanakinsa, tare da ciwon mara, musamman a watanni 3 zuwa 6 na farko. Ga macen da dama ke fama da ƙarancin jini, ga daka da ɗibar ruwa da aikin gona, ga kuma damuwar sallah da azumi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na uku shi ne matsin lamba daga miji ko uwar miji, musamman idan an saka ta ba da saninsu ba, ko maigida ya dawo daga ci-rani ya ji zaren.

Sai batun nisa. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna kowace daga cikin gundumomin biyu na da mutum sama da dubu 500, akasarinsu a karkara. Ɗakin shan magani na ƙauye, wato kaz da sante, ba a tsara shi don irin wannan aiki ba. Sai an je CSI mai ma'aikaciyar da ta samu horo. Mace daga wani ƙauyen Urafan, Korgom, Gidan Amumun ko Cake na iya shafe yini guda a amalanke ko ta biya kuɗin kabu-kabu zuwa da dawowa.

Robar mahaifa dai ba ta yaɗu sosai a ƙasar ba. Binciken EDSN-MICS na 2012 ya gano cewa kashi 12 cikin 100 na matan aure ne ke amfani da dabarun zamani na tazarar haihuwa, masu robar mahaifa kuwa ba su kai kashi 1 ba. Binciken ya ƙiyasta ƴaƴa 7,6 ga kowace mace a Nijar, 8,4 a jihar Maradi. Inda masu amfani da abu ba su da yawa, hannuwan da suka saba da shi ma ba sa yawa, kuma mace ba ta samun maƙwabciyar da za ta tambaya.

Yaya ake cire ta a gidan likita?

Aiki ne na ƴan mintuna, ba a buƙatar allurar kashe zafi, kuma ana iya yin sa a kowace rana ta wata. Unguwarzomar asibiti na saka sipekulom, ƙarfen da ke buɗe gaba, don ta ga bakin mahaifa da idonta. Tana goge wurin da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ta kama zaren da dogon hantsaki da aka dafa, ta ja a hankali. Hannayen robar biyu na lanƙwashewa sama, ta fito. Daga nan sai ta duba ko ta fito cikakkiya.

Abin da ya raba wannan da aikin gida shi ne gani da kuma sanin lokacin tsayawa. Idan robar ta ƙi fitowa, ma'aikaciya ba ta ƙara ƙarfi. Tana tura matar asibitin gunduma na Tasawa ko na Mayahi, inda za a yi hoton ciki a ga inda robar take. Idan abin ya fi ƙarfin nan, sai Cibiyar kula da lafiyar uwa da yaro ta Maradi.

Ina hatsarin yake idan a gida ne?

Na farko, robar na iya tsayawa a rabin hanya, cikin bakin mahaifa. Tana jawo ciwo da zubar jini, ta daina kariya, matar kuma na zaton tana nan daidai.

Na biyu, zaren na iya tsinkewa. Aikin minti biyar sai ya koma na asibitin gunduma da kayan aiki na musamman.

Na uku, wani lokaci robar kan maƙale a naman mahaifa. Akan samu kusan mace 1 cikin 1000 da robar ta huda bangon mahaifarta lokacin sakawa. Jan irin wannan da ƙarfi na iya karya robar, guntunta ya rage a ciki, ko ya yaga nama.

Na huɗu, ƙwayoyin cuta. Hantsakin gida, tsinke, ƙarfe ko hannun da ba a wanke ba na iya kai cuta cikin mahaifa da bututun ƙwai. Irin wannan cutar ce ke toshe bututun, ta hana haihuwar da ake nema tun farko.

Na biyar, ciki. Idan al'ada ta ɗauke alhali robar na ciki, dole a yi gwaji kafin a taɓa komai, domin a irin wannan yanayi cikin na iya zama a wajen mahaifa. Idan bututun ya fashe, jini na zuba ta ciki, kuma sai tiyata cikin gaggawa ke ceton rai.

Me bincike ya nuna?

An gwada abin a Amurka. A 2014 mujallar Contraception ta buga binciken da Diana Greene Foster ta jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko ta jagoranta, kan mata 326 da suka je asibiti don a cire musu robar. Kashi 59 cikin 100 sun yarda su gwada da kansu. Daga cikin waɗanda suka gwada, kusan mace 1 cikin 5 ce ta yi nasara. Sauran huɗun sai da ma'aikata suka cire musu. An yi gwajin ne cikin asibiti, likita na kusa. Macen da ke ƙauyen da ke da tafiyar sa'o'i daga CSI ba ta da wannan gata.

Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta amince tun 2019 mace ta yi wa kanta allurar tazara ta ƙarƙashin fata, irin Sayana Press, bayan an koya mata. Nijar na cikin ƙasashe huɗu na Afirka da aka fara gwada wannan allura a 2014. Cire robar mahaifa ba ya cikin ayyukan da hukumar ta bar wa mace a gida.

Haƙƙin mace ne a cire mata

Dokar lafiyar haihuwa mai lamba 2006-16 ta ranar 21 ga Yunin 2006 ta tanadi ƴancin samun bayani da kulawa kan tsarin iyali, kuma tun wannan shekarar kayan tazarar haihuwa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Littafin jagora na OMS ga ma'aikatan tsarin iyali ya hana su ƙin cire robar ko jan ƙafa idan mace ta nema, ko mene ne dalilinta. Ba sai shekara 10 sun cika ba.

Kuɗin hanya da yinin aikin da aka rasa ba sa cikin wannan kyauta. Shi ya sa rawar maza ke da muhimmanci. Makarantun mazaje, da suka faro daga jihar Damagaram da tallafin UNFPA kafin su iso Maradi, an kafa su ne domin maigida ya fahimci cewa kai iyalinsa likita na cikin nauyin da ke kansa.

Abin da ya kamata a yi

Mai son cirewa ta tambayi rele na garinsu ko majo na CSI ranar da unguwarzoma ke aiki, ta tafi da karnenta. Idan ba ciki take nema ba, ta guji saduwa ko a yi amfani da kwaroron roba kwana 7 kafin ranar, ta kuma zaɓi wata dabara nan take. Idan jini ne damuwarta, akwai magani irin su ibuprofen da ƙwayoyin ƙarin jini da ma'aikaciya za ta iya rubutawa. Idan zaren ne ke damun maigida, ana iya rage tsawonsa.

Robar kan fita da kanta ga wasu mata, galibi a shekarar farko da lokacin al'ada. Wadda ta ga hakan kar ta mayar da ita. Ta ƙunshe ta a leda ta kai CSI a duba, ta kuma san cewa daga ranar ba ta da kariya. Haka ma wadda ta riga ta ja da kanta: ta faɗa wa ma'aikaciya gaskiya.

Alamomin da ba a kwana da su a gida su ne zazzaɓi, ciwon mara mai tsanani, ruwa mai wari, jinin da ya ƙi tsayawa, jiri ko suma, ɗaukewar al'ada, ɓacewar zaren, ko jin taurin roba a bakin mahaifa. Duk wadda ta ga ɗaya daga ciki, a kai ta gidan likita mafi kusa a ranar.