Ɗanyar kaza: inda haɗarin yake

Ko lafiyayyar kaza tana iya kasancewa ɗauke da ƙwayoyin Salmonella da Campylobacter a hanjinta, kuma wajen fiɗa da gyara suke hawa naman. Su ke haddasa gudawa, ciwon ciki da zazzaɓi, sun fi kuma kayar da yara da tsofaffi.

Wanke naman ba ya kashe su. Hasali ma ruwan da ke fantsama yana kai su kan kwanuka. Babban ganganci shi ne yanka latas da wuƙar da ta gyara kaza ba a wanke ta da sabulu ba, tunda salak ba ya hawa wuta.

Wuta ce ke kashe su, idan tsakiyar tsoka ta kai digiri 75 na Salsiyas. Uwargida, tsaga cinyar har ƙashi. In da sauran jini, mayar da ita tukunya.