Talla a kafafen sada zumunta: Me ya sa yawan mabiya ba ya zama ciniki?

A yau da wuya mutum ya zaga Kantin Kwari a Kano ko Kasuwar Wuse a Abuja bai ga ɗan kasuwa yana ɗaukar hoton hajarsa domin ɗorawa a WhatsApp, Facebook, Instagram ko TikTok ba. Sai dai a cikinsu akwai wanda wayarsa ta zame masa shago na biyu, akwai kuma wanda ya tara dubban mabiya amma kuɗin data kawai yake ƙonawa.

Abin da ya raba su ya ta'allaƙa ne ga abu biyu: irin tunanin da ɗan kasuwa ya shigo da shi, da kuma tsarin da ya shimfiɗa wa tallarsa.

Tunani: amana ce jarin farko

A kasuwa, mai saye yakan taɓa shadda, ya ɗaga ta a haske, ya yi tayi, sannan ya biya. A intanet kuwa ana neman ya tura kuɗi ga mutumin da bai taɓa gani ba, a kan kayan da bai taɓa riƙewa ba. Don haka tambayar da ke ransa kafin ta farashi ita ce: shin wannan mutumin zai cika alkawari?

Ɗan kasuwar da ya fahimci haka yakan nuna kaya yadda suke ba tare da ƙawata launi ba, ya rubuta farashi a fili, ya bayyana inda shagonsa yake da kuɗin aike, ya kuma faɗi abin da zai yi idan kaya suka isa da matsala. Wanda ya ɗauko hoto daga shafin wani ya aika da abin da bai kai shi ba, ya ci ribar yini ɗaya ne, domin ƙorafin mai saye guda na iya zaga ɗaruruwan wayoyi kafin magariba.

Sai kuma haƙuri. Mutane da dama sukan daɗe suna kallon hajar mutum kafin su yi magana. Mai ɗora kaya mako biyu ya watsar don bai ga ciniki ba, tamkar wanda ya buɗe shago ne ya rufe kafin 'yan layi su san fuskarsa.

Tsari: kowace kafa da aikinta

Kafafen nan ba su nuna wa dukkan mabiya abin da aka wallafa. Na'ura ce ke zaɓa, bisa la'akari da abin da mutane suka tsaya suka kalla, suka yi tsokaci a kai ko suka tura wa wasu. A watan Janairun 2018 kamfanin Facebook ya sanar cewa zai fifita rubutun 'yan uwa da abokai a kan na shafukan kasuwanci, wanda ke nufin yawan mabiya bai lamunce wa kowa isa ga jama'a ba.

Saboda haka mai dabara yakan raba aiki. Gajeren bidiyo a TikTok, Instagram ko Facebook shi ke janyo baƙin ido, musamman idan yana koyar da wani abu, kamar yadda ake bambance atamfa mai kyau da jabu ko yadda ake duba wayar hannu ta biyu kafin saye. WhatsApp kuwa nan ake ƙulla ciniki. Manhajar WhatsApp Business, wadda ta fito a 2018, tana ba da damar jera kaya da farashinsu da aika amsa kai tsaye. Amma sitatus yana ɓacewa bayan awa 24, kuma saƙon bai-ɗaya, wanda ke ɗaukar lambobi 256, yana isa ne kawai ga waɗanda suka ajiye lambar mai aikawa. Ke nan mutum ɗari da suka ajiye lambar ɗan kasuwa da son ransu sun fi masa amfani a kan dubban mabiyan da aka saya.

Lissafi kafin biyan kuɗin talla

Wurin da aka fi tafka asara shi ne biyan kuɗin talla ba tare da awo ba. A ɗauki misali: mai sayar da turare ta biya wani fitaccen shafi Naira 20,000, mutum 40 suka tuntuɓe ta, huɗu suka saya, ribar kowane ciniki kuma Naira 3,000. Ta samu 12,000, ta faɗi da 8,000, duk yawan yabon da bidiyon ya sha. Tallar za ta biya kanta ne kawai idan masu sayen suka dawo ko suka kawo wasu. Shi ya sa littafin da ake rubuta wa ya saya, daga ina ya ji labari, kuma ko ya dawo, ya fi adadin masu danna alamar so muhimmanci.

Shagon haya ne

Shafin sada zumunta ba mallakin ɗan kasuwa ba ne. A watan Yunin 2021 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter, ba a ɗage takunkumin ba sai a Janairun 2022. A ranar 4 ga Oktoban 2021 kuma Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke na kusan awa shida a faɗin duniya. Ban da wannan, ana iya rufe shafi ko 'yan damfara su ƙwace shi. Mai hangen nesa yakan adana lambobin abokan cinikinsa a wani wuri da izininsu, ya kunna matakin tsaro na biyu, kuma ba ya sakin kaya sai ya ga kuɗi sun zauna a asusunsa, saboda yawaitar alat na bogi.

Abin da doka ta tanada

Rajistar sunan kasuwanci a Hukumar CAC tana ba da damar buɗe asusun banki da sunan sana'a, abin da ke ƙara wa mai saye natsuwa. Hukumar FCCPC tana karɓar koken masu saye da aka yaudara, yayin da ARCON, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin APCON, ke sa ido a kan tallace-tallace har da na intanet.

Ga ma'aikatan gwamnati akwai ƙarin abin lura. Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana ma'aikaci na cikakken lokaci shiga gudanar da kasuwanci mai zaman kansa, in ban da noma, kuma komawar kasuwancin cikin waya bai sauya wannan tanadi ba.

Kafin ɗan kasuwa ya sake kashe ko kwabo a kan talla, ya kamata ya iya amsa tambayoyi uku: wa yake so ya saya, me zai sa mutumin ya amince da shi, kuma nawa kowane sabon mai saye yake ci masa. Wanda bai da amsarsu, gara ya riƙe kuɗinsa ya ƙaro haja.