Tsakanin La'asar Da Magariba: Ina Iyali Za Su Ci Abinci A Tashar Jirgi?

Duk lokacin da jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ya shigo labarai, magana ba ta wuce tsaro da 'yan cuwa-cuwar tikiti. Ba laifi, domin harin 28 ga Maris 2022 ya tsayar da jirgin har watan Disamba na shekarar. Amma an ɗauki tasha tamkar ƙofar wucewa kawai, an manta mai tafiya da ciki yake tafe. Magidancin da ya sauka tashar Rigasa ko ta Idu da iyalinsa bayan la'asar ya faɗa lokaci mafi wuya: shinkafar rana ta ƙare a tukunya, tuwon dare bai sauka ba, mai shayi bai kafa tebur ba. Abin da ya rage na gwauro ne, a ci a tsaye, ba na uwa mai goyo da yara uku ba.

Da ba haka abin yake ba. Tun da dogo ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙaura Namoda a 1929 da Nguru a 1930, tasha ce ke jawo gari. Kafanchan ta bunƙasa ne don nan layuka suka haɗu, Sabon Garin Zariya kuma ya girma a gefen dogo. Su wa suka ciyar da leburori da fatake da masu dakon gyaɗa? Matan da ke tuƙa tuwo a gida, masu fura da nono, masu ƙosai da waina. Tarihin dogo ya riƙe sunayen injiniyoyi, ya bar waɗannan mata. Layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 kuwa, mai tsawon kilomita 186, an kai manyan tashoshinsa bayan gari, inda ba unguwar da ta saba da ciyar da baƙo.

Wani zai ce tafiyar ba ta da nisa, kowa ya yi guzuri. To, Rigasa ba ita ce ƙarshen tafiyar mutane da yawa ba. Akwai mai shiga mota zuwa Zariya, Kano ko Katsina cikin dare. Wani kuma zai ce taron masu abinci barazana ce ga tsaro. Ai mai rumfar da aka yi wa rajista, aka san gidanta, ta fi mai talla da ake kora yau ta dawo gobe amfani ga jami'an tsaro.

Kafin a gyara, magidanci ya bar bakin ƙofa inda tsada take, ya tambayi direbobi da ma'aikatan tasha inda su suke ci, ya duba ko akwai wurin zaman mata da ruwan wanke hannu. Hukumar Jiragen Ƙasa da gwamnatocin jihohi kuwa, kafin jirgi ya fara bin sabon layin Kaduna zuwa Kano, su ware wa masu abinci fili mai rumfa, ruwa da makewayi a kowace tasha. Wannan ba alfarma ba ce, haƙƙin matafiyi ne.